Motsa Jikin Tsofaffi a Ɗakin da Aka Rage wa Iska

Aikina gashin ƙashi ne, a wata cibiyar farfaɗo da tsofaffi a arewacin Jamus. Yawancin waɗanda ake kawo mana sun haura shekara 70, wasu bayan tiyatar ƙugu, wasu bayan doguwar jinya ta zaftare musu naman cinya. Matsalarsu kusan guda ce: zuciya tana bukatar aiki, gwiwa kuma ta ƙi. Ka ɗora dattijuwa a kan keken motsa jiki, tun bugun zuciyarta bai kai inda ake so ba, ciwon gaɓɓai ya riga ya sauko da ita.

Saboda irin waɗannan ne muke amfani da ɗakin rage iska. A iskar da muke shaƙa kullum, kashi 21 cikin ɗari ne oksijin. Inji yana tace ta har oksijin ɗin ya koma kashi 15 ko kusa da haka, daidai da mutum ya hau tsauni mai tsayin mita 2,700, fiye da ninki biyu na tudun Jos. Jiki yana jin ƙarancin, sai zuciya ta ƙara himma don kai jini, mutum ya sami aikin zuciya sosai alhali tuƙin ƙafarsa a hankali ne. 'Yan wasa ne suka fara rungumar dabarar bayan Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, kuma a 2019 aka ba masana kimiyya uku, Kaelin da Ratcliffe da Semenza, kyautar Nobel kan gano yadda ƙwayoyin jiki ke gane ƙarancin oksijin su ɗauki mataki.

A aikace, ba ka barin mutum ko na minti ɗaya. 'Yar na'urar auna oksijin tana maƙale a yatsansa, kai kuma kana gefe kana jan sa da hira, domin wanda ya kasa ƙarasa jimla ba tare da haki ba ya wuce gona da iri. Ciwon kai, jiri, ko amsa tambaya a makare, duk alamun tsayawa ne.

Inda na fi koyon darasi shi ne kan wani dattijo Bahaushe ɗan zangon Kumasi, wanda ya daɗe a Hambog. Na'ura tana nuna oksijin ɗin jininsa kashi 90 ne cikin ɗari, lambar da a takarda ba ta da laifi, amma na ga tuƙinsa ya fara karkata, idonsa ya yi nauyi. Na ce, “Baba, yaya dai?” Ya ɗan jima kafin ya ce, “Lafiya lau, ɗana, mu ci gaba.” Na ja leɓensa na ƙasa na duba ciki, ya dushe. Nan take na fito da shi, cikin 'yan mintoci ya dawo hayyacinsa. Binciken Jami'ar Mishigan na 2020 ya nuna cewa waɗannan na'urori sukan ƙara wa baƙar fata maki, su ɓoye ƙarancin oksijin kusan ninki uku fiye da yadda suke yi wa farar fata. Tun daga nan, mai fata irin tamu ba na bari lambarsa ta yi ƙasa kamar ta sauran.

Sai batun sikila. Ƙarancin oksijin ne ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ita, don haka duk ɗan Afirka ta Yamma sai na ga sakamakon gwajin jininsa tukuna. Mai ciwon huhu mai tsanani, ko hawan jinin da bai daidaita ba, shi ma ba ya shiga.

A abin da na gani, ɗakin ba ya ba da ƙarfin da ya zarce na motsa jiki na yau da kullum. Tsohon da gwiwarsa ke ɗaukarsa, tafiyar sassafe ta wadatar da shi, kuma ba na son 'ya'yansa su kashe kuɗi a banza. Amfanin ɗakin yana wurin wanda gaɓɓansa suka gaza tun zuciyarsa ba ta gaji ba, kuma da zarar ya iya hawa matakalar bene ba tare da an riƙe shi ba, mukan mayar da shi ɗakin motsa jiki na kowa da kowa.