Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Adakar Faifan Baba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce na tsaya a inda aka gama rabon gadon Baba, Allah ya jiƙanshi, kowa ya kwashi nashi, ni kuma banda kasona aka turo mani wata tsohuwar adaka ta ƙarfe da ba wanda ya ko kalle ta. Yaya babba har da dariya, wai tunda ni ne ɗan boko mai son tarkace sai in tafi da abata.

Da na kai ta gida can Ƙofar Marusa na fasa kwaɗon, faifan garmaho ne cike, wasu cikin kwalinsu wasu gara ta cinye kwalin ta bar su tsirara. Na ƙirga 58. Na Shata sun fi yawa, dama Baba ba a haɗa shi da kowa a kan mutumin Musawa, lokacin da Shata ya rasu a 1999 har Daura Baba ya bi jana'iza ya bar shago a rufe. Sai na Indiya kaɗan da wasu da rubutun ya goge. Garmahon kanshi mai wani da hannu kam tun muna yara muka kashe shi, mun zare ƙarfen cikin mun yi mota, ranar mun sha bulala.

Da zan bar su ne kawai a ƙarƙashin gado, Inna ce ta tayar da maganar. Ta ce akwai wani faifai da Baba ya yi ta sakawa satin da aka kawo ta gidan, ba ta san sunan mai waƙar ba, ita dai ta san baƙi ne mai nauyi da jar takarda a tsakiya, in da hali tana so ta ƙara ji. Ga shi kunnenta ya fara nauyi. Shikenan na ce sai na nemo abin sakawa, kuma in juye su cikin kwamfuta kowa a gidan ya samu a waya.

Nan na fara tafka shirme. Na hau mota zuwa Kano, kasuwar Sabon Gari, na samu wani garmahon lantarki tokumbo mai kyan gaske da jikin katako, mai shagon ya ce daga Amurka ya zo, wutar can 120 ce tamu 230, sai in haɗa da ƙaramar taransifoma. Na biya ban ko ce a gwada mani ba don ba faifai a hannuna. Da dare muka taru a tsakar gida, na ɗora Shata. Jama'a abin da ya fito sai ka ce mutum na waƙa cikin magagin barci, kalangun ma kamar an jiƙa fatar. Inna ta ce "kai ɗan nan, wannan ai mai ciwon haƙori ne ka kawo mana."

Washegari na ɗauke shi sai wajen wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da babbar kasuwa, tun zamanin rediyo mai batir shida yake sana'ar. Ya juya bayan abin ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau ya ce "yaro an sayar maka da agogon wata ƙasa." Ashe ba ƙarfin wuta kaɗai ya bambanta ba, wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa tamu sau 50, irin wannan injin kuma da bugun wutar yake auna gudunshi, taransifoma ƙarfi kawai take ragewa ba ruwanta da bugu. Wato faifan da ya kamata ya zagaya 33 da ɗigo a minti bai kai 28 ba. Na ce Baba to ya za a yi, ya ce sai an sauya ɗan ƙarfen da bel ke zagayawa a kai, shi kuma samunshi a Katsina sai dai addu'a.

Na nuna mashi a waya irin ƙananan nan masu kamar jakar hannu, da sifika a jiki, masu araha. Ya girgiza kai. Ya ce allurarsu tana danna faifai da nauyin da ya kai giram 5 ko fiye, alhali mai kyau wajen giram 2 ne, kuma ba wurin daidaitawa. Ga mai sauraren sabon faifan da zai iya sake saye ba laifi, amma na gado in ya cinye ina za ka samo wani? Sai ya ce mani abin da tun farko ya kamata in yi, in koma gida in ware faifan kafin in ƙara kashe ko sisi.

Na baje su a tabarma suka kasu uku. Manya masu inci 12 masu gudun 33, waɗanda kamfanin Columbia ya fara fitarwa a 1948, kowane gefe wajen minti 20. Ƙanana masu inci 7 masu gudun 45. Sai guda tara masu nauyi, ba sa lanƙwasa ko kaɗan, su ne masu gudun 78, ba da roba aka yi su ba, da wani irin ƙaro ne, in ya faɗi fashewa yake kamar tangaran, gefe ɗaya 'yan mintuna ne kawai. Kuma na Inna a cikinsu yake. Kun ga ko da tokumbon nan ya yi daidai ba zai amfane ta ba, don 33 da 45 kawai gare shi. Wani abokina ya ce ai ana ɗauka a 45 sai a ƙara gudun a kwamfuta, haka ne, amma ramin 78 ya fi faɗi nesa ba kusa ba, siririyar allura ƙasan ramin take shara, ƙara ce kawai za ka kwasa. Dole sai tashi allurar daban.

Daga nan zaɓin ya zama da sauƙi, kuɗin ne bai zo da sauƙi ba. Mai gudu uku, mai hannun da ake daidaita nauyi kuma a iya sauya allura, wanda bai dogara da bugun wutar gari ba don wani lokacin janareta ne, sannan mai USB da ɗan amfilifayan faifai a ciki. Wannan na ƙarshen kar ku raina shi, sautin da allura ke fitarwa ɗan mitsitsi ne kuma tun wajen yanka faifai ake rage kaurin, in ka jona kai tsaye a kwamfuta sai ka ji kamar sauro. Na tsaya kan Audio-Technica AT-LP120XUSB, ya kusa cinye albashina na wata biyu, uwargida ta yi kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Da ya iso na saka Audacity a kwamfuta, manhajar ɗaukar sauti ce kuma kyauta ce, ina ajiyewa a WAV, wato sautin da ba a matse ba, duk da minti ɗaya na cin wajen megabait 10, sai in yi MP3 in tura ma 'yan'uwa a WhatsApp. Ƙurar hunturu ta ba ni wahala, sai na hana yara tsalle a ɗakin don allura na jin takunsu. Dattijon ya ja mani kunne kar in kusanto da sifirit kan masu 78, narkar da su yake, kuma a tsaye ake jera faifai nesa da zafin rufin kwano.

Allurar 78 sai bayan sati uku ta zo. Ranar Juma'a bayan la'asar Inna ta zauna kusa da sifika ta karkato kunnenta mai kyau. Huɗu ne masu jar takarda. Na farko ta ce a'a, na biyu ko minti bai yi ba ta ce cire. Na ɗauko na uku ina gogewa sai yatsana ya ji wani abu, na ɗaga shi wajen haske, tsagewa ce siririya tun daga baki har kusan tsakiya. Inna ta miƙo hannu ta ce "ba ni shi nan in gani."

Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.