Inda na kai wajen tara tsofaffin duwatsun tomalin

'Yan'uwa masu koyo, a wannan zangon na rage saye, na mai da hankali kan 'yan takardun da ke zuwa tare da tsofaffin duwatsu. A ganina, tsohon tomalin (dutsen ado mai launi iri-iri) da ya rabu da takardarsa ya yi asarar rabin darajarsa, komai kyawun launinsa, domin ita ce ke faɗin mahaƙar da ya fito da hannayen da ya ratsa.

Abin da nake yi yanzu shi ne gwada maganar takarda da abin da dutsen ya nuna. In an rubuta Elba, tsibirin nan na Italiya, ina sa ran ganin ƙananan kiristal masu kore ko ruwan hoda mai haske, wasu da baƙin kai, zaune kan farin dutse. In na ga ƙato jajir ɗauke da takardar Elba, sai in ja da baya. Mahaƙar Himalaya da ke Mesa Grande a Kalifoniya kuwa, wadda aka buɗe a 1898, an san ta da dogaye masu ruwan hoda da kore, da yawansu ba su da uwar dutse, wato dutsen da kiristal ke zaune a kai. Na farko-farkon, ɗimbinsu ƙasar Sin aka kai aka sassaƙa, saboda sarauniyar ƙasar, Cixi, na matuƙar son mai launin hoda, kuma da daular Qing mai mulkin Sin ta faɗi a 1912 kasuwar ta mutu. Shi ya sa na wancan zamani da ya tsira daga hannun masu sassaƙa yake da wuyar samu. Na mahaƙar Mount Mica a jihar Maine ta Amurka, da aka gano tun farkon shekarun 1820, har yanzu a hoto kawai nake nazarinsu.

Sai batun gam da ake liƙa karyayyen tomalin da shi. Tomalin na da tauri, 7 zuwa 7.5 a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, amma yana karyewa a gicciye, sau da yawa tun yana cikin rami. Ku ɗauki gilashin ƙara girma ku bi siraran layukan da suka miƙe a tsawon jikinsa. Inda layi ya goce ko wani siririn ƙyalli ya gitta, an liƙa. Fitilar UV, mai hasken ultraviolet, ma na tona asirin gam iri-iri. Gyara ba aibi ba ne in mai sayarwa ya faɗa. Abin da ba na karɓa shi ne kiristal da aka dasa kan uwar dutsen da ba tasa ba, aka rufe gindin da garin dutse.

Wajen ajiya, lambar da ke kan dutse ita ce kan takardarsa da cikin littafina. Ku nisanta shi da fitila mai zafi, don in ya ɗumama yana tara caji ya jawo ƙura; burushi mai laushi ya isa wajen share shi.

Mataki na gaba, zan koyi gane takardun kamfanin Krantz na Bonn da na A. E. Foote na Filadelfiya, dillalan duwatsu. Duk mai ɗaya a hannu, ya taimaka mana da hotonta gaba da baya.