Sarakuna biyu masu suna ɗaya

Jibi zan bar Indiya. Na gama ɗaure kaya, amma ranar da na tsaya kare babi na biyu na kundin digirina ta ƙi fita daga raina.

Kuskuren nawa ne, ba na musu. Na haɗe Chandragupta Maurya, wanda ya kifar da gidan sarautar Nanda wajen shekara ta 321 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da Chandragupta na Biyu na gidan Gupta, wanda ya yi mulki daga wajen 380 zuwa 415 miladiyya. Suna ɗaya, kuma dukansu sun mallaki birnin Pataliputra, sai na zaunar da Megasthenes, jakadan sarki Bagirke Seleucus a fadar Maurya, da Faxian, mai ibadar Buddha da ya taso daga ƙasar Sin, a zamanin sarki guda. Alhali tsakaninsu kusan shekara 700 ne.

Abin da ya ƙona mini rai daban ne. Malamin da ke duba aikina ya riƙe babin nan wata biyu, ya dawo mini da shi babu ko ɗigon biro, sai sa hannunsa a shafin ƙarshe. Da wata malama ta nuna kuskuren a gaban kowa, shi ne ya fara girgiza kai, ya ce ya sha hana ni dogaro da littattafan taƙaitawa. Wallahi bai taɓa ba. Ina tsaye, fanka na juyawa a kaina, gumi ya jiƙa takardar da ke hannuna. Aka ɗage ni wata shida, kuɗin haya da na sabunta biza duk daga aljihuna.

A wata shidan nan na koma kan rubutun duwatsu da tsabar kuɗin zinariya na Gupta. Na je Mehrauli da ke Delhi na daɗe a gaban wani ginshiƙin ƙarfe mai ɗauke da sunan sarki Chandra, sama da shekara 1,500 tsatsa ba ta cinye shi ba. Na karanta rubutun ginshiƙin Allahabad, inda umarnin Ashoka na gidan Maurya da harshen Prakrit yake tare da kirarin Samudragupta na gidan Gupta da harshen Sanskrit a jikin dutse guda. Nan idona ya buɗe: harshe da salon rubutu su ke raba zamani, suna ba ya rabawa.

Ku ɗalibai da kuke shigowa, ku tura kowane babi ta imel don kwanan wata ya zauna, kuma ku ba wani ɗalibi ya karanta kafin malami.

A shafin godiya, sunan malamar da ta kama kuskuren na fara rubutawa, nasa ya zo a ƙasa.