Rimot ɗin Hajiya da abin da ya sa na daina murɗa makulli sau biyu

Jiya na kwaso akwatin kayan aikina daga gareji, shekara huɗu da wata biyar ke nan ina koyon wayarin ƙarƙashin oga, kuma tunda mutane sun dame ni da tambayar ko lafiya na tashi, to lafiya lau, ba faɗa munka yi ba, har addu'a ya yi mani. Amma maganar Camry ɗin nan ba ta taɓa fita raina ba, gara in faɗe ta in huta.

Bara ne cikin Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke sa sifana ta ƙona ma mutum hannu in ya manta ta a rana. Wani Alhaji tsohon kwastoman oga, rimot ɗinshi ya faɗa ruwa ya mutu. Motar Toyota Camry ce da ake kira Big Daddy, ta 2004, 'yar Amurka, irin wadda rimot daban makulli daban. Oga ya sayo sabo, bayan La'asar ya miƙo mani ya ce "kai, hau kabu-kabu ka tai gidan Alhaji ka haɗa mashi, ai ka san yadda nike yi". Na kuwa sani, don na gani ya fi sau ashirin. A buɗe ƙofar direba, a saka makulli a zare sau biyu cikin sakan biyar, a rufe ƙofa a buɗe sau biyu, a saka makulli a zare sau ɗaya, a sake rufewa da buɗewa sau biyu, sannan a saka makulli a rufe ƙofa, a murɗa har fitilun dashbod su kawo a maido, a zare. Sai ka ji lok ya yi ƙas da kanshi, nan ne za ka danne madannin rufewa da na buɗewa tare kamar sakan ɗaya da rabi, ka saki ka danna na rufewa. In lok ya amsa sau ɗaya ya karɓa, in sau biyu sai ka koma farko.

To wurin murɗawar nan ne. Oga kullum sau biyu yake murɗawa, ni ma sau biyu na murɗa, rimot ya kama tun gwajin farko, Alhaji ya yi murna har ya sa anka kawo mani fura mai sanyi, na dawo ina jin kaina kamar wani injiniya.

Ashe ƙirgen nan magana ce kake yi da motar. Sau ɗaya kana ce mata ƙara wanga bisa waɗanda kika sani, sau biyu kana ce mata manta da na da duka ki riƙe waɗanda zan ba ki yanzu kaɗai, sau uku kuma tambayarta kake rimot nawa ta sani, ta amsa da yawan bugun lok, don har huɗu take iya riƙewa. Ba wanda ya taɓa gaya mani haka. Kuma ni ban tambayi Alhaji ko akwai wani rimot a gidan ba, wannan kam laifina ne, na ɗauka.

Akwai kuwa, na Hajiya. Washegari da asuba Alhaji ya bi abokanshi Illela da sabon rimot a aljihu, ya bar motar a kulle, yaronsu ƙarami ya tashi da zazzaɓi mai zafi, Hajiya ta fito ta danna ta danna shiru, ta saka makulli a ramin ƙofa ya ƙi juyawa don an yi shekaru ba a saka mashi makulli ba, ƙurar hunturu ta cike shi ta daskare. Da yaron a kafaɗa ta taka har bakin titi neman keke Napep. Allah ya sa yaron ya samu sauƙi, amma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Da Alhaji ya iso gareji ranshi a ɓace, gaban yara da kwastomomi da mai shayi oga ya ce "Alhaji ka yi haƙuri, yaran yanzu ba su ji, karambani ne kawai, ni ban koya mashi haka ba". Oga ya juyo ya ce mani "mi ka taɓa a motar mutane?" Na duƙa na ce Allah shi huci zuciyarka Alhaji, ban ƙara ko kalma ba, don an ce bakin da ya ci shi ka godiya. Kuɗin satin nan ban gan su ba. Sannan oga ya tafi gidan da kanshi ina riƙe mashi jaka, ina tsaye ina kallo ya murɗa sau biyu kamar kullum, sai dai shi rimot biyun duk suna hannunshi, ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya, komai ya dawo daidai. Har gobe ban gane ba, shin shi ma bai san bambancin ba ne haddacewa ya yi, ko ya sani ya ɓoye don kar yaro ya iya ya tashi. Ko wanne ne dai, ni anka zaga.

Daga ranar na daina haddar hannu. Da dare in sayi data in zauna zauren gidanmu a Mabera, wani abokina ɗan poli yana fassara mani Turancin da ya fi ƙarfina, ina gwadawa da tsohuwar Corolla ta yayana har ya fara ɓoye mani makulli. Nan na gane kashi mai yawa na aikin nan mai mota zai iya yin shi a ƙofar gidanshi ba tare da an jona wata kwamfuta ba, wanda hakan ba kowane oga ke son a sani ba.

Sauran abubuwan da na tsinta gajeru ne. Kafin ka sayi rimot juya bayan tsohon ka duba lambar FCC ID, wato lambar da ke nuna irin rimot ɗin, kama a ido ba komai ba ce, motar Amurka siginar rimot mai 315 MHz take ji, ta Turai irin 'yan Beljiyam 433, in ka kawo wanda ba nata ba ko kwana za ka yi kana buga ƙofa ba za ta amsa ba. Sau da yawa ma rimot lafiyarshi lau, ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo, CR2032 ko CR2016, ya ƙare. In ɗan madannin jikin ƙofa ya lalace, wanda ke kunna fitilar ciki, motar ba ta san kana buɗewa da rufewa ba, sai ka gyara shi tukun. Rimot ƙofa kawai yake buɗewa, cif ɗin da ke cikin kan makulli mai barin mota ta tashi wani aiki ne daban, galibi sai an jona na'ura. Honda Accord da ake kira EOD kuwa duk rimot ɗin gida sai an tara su an shigar a zama ɗaya. Kuma duk wanda na yi ma aiki yanzu, kafin in taɓa makulli sai na ce a tambayi uwargida ko tana da nata rimot, sannan in fesa ma ramin makullin ƙofa mai in gwada shi gabanshi, ko bai ce ba.

Jiya da zan fito oga ya ba ni tsohuwar testarshi, yana dariya wai kar in kwashe mashi kwastomomi. Na yi godiya. A bakin get na tarar da sabon yaron da anka kawo watan jiya yana wanke kayan aiki da fetur, na ja shi gefe na ce in an aike ka haɗa rimot ɗin Toyota sau ɗaya za ka murɗa, ya ce ai oga sau biyu yake yi, na ce na sani.