Abin da injin Fijon kawuna ya koya mini

Motar kawuna ce. Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo, haɗin Kaduna. Ta shekara bakwai a ƙarƙashin mangwaron gidansa har tayoyinta sun nutse cikin ƙasa. Da ya yanke shawarar a tashe ta, ni ya kira, domin a lokacin na shekara huɗu a gareji kuma ina jin hannuna ya faɗa. Maigidana ya ware mini gefe guda a rumfa, ya ce in yi aikin da kaina, in na kakare in yi magana.

Ina son wannan injin tun ina yaro. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, a 1975 kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, kuma bai daina fitar da 504 ba sai a 2006. Injin tamu shi ne XN1, mai silinda huɗu, girmansa 1971 cc, a kishingiɗe yake gefe ɗaya. Bulok, wato gangar jikin injin, na ƙarfe ne, tof silinda, wato murfinsa na sama, na alminiyam. Kamshaf yana can cikin bulok, sarƙa ke juya shi, dogayen sanduna ke kai saƙonsa ga bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, su buɗe. Silif ɗinsa kuwa, wato bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki, zare su ake yi a sa sababbi, shi ya sa injin ɗaya kan yi rai uku ko huɗu a hannun direbobin tasha.

Kuskurena ya faro ne daga kasuwa. Na sayi kowane abu shi kaɗai, ina neman wanda ya fi kyau a idona. Na ga fistan iri biyu, duka faɗinsu milimita 88, sai na ɗauki wanda kansa ya fi tudu saboda an ce mini ya fi ba da ƙarfi. Tof silinda ya ɗan lanƙwashe, alamar motar ta taɓa yin zafi, na kai aka share fuskarsa, ban tsaya na duba ko wasu sun riga sun share shi kafin ni ba. Ashe an share, ba sau ɗaya ba. Na haɗa komai cikin mako biyu, injin ya tashi a bugu na biyu, yaran gareji suka yi ta tafi.

Washegari muka hau hanyar Zariya da mutum biyar. Da na taka a giya ta huɗu kan ɗan tudu, sai na ji ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na ja lokacin wuta baya, wato na jinkirta tartsatsin fulogi, ƙarar ta ragu, amma motar ta rasa ƙarfi a tafiya, allurar zafi ta fara hawa. Kawu bai ce komai ba. Shirunsa ya fi yi mini ciwo.

A daren nan na samo wa kaina magani. Na san kamshaf mai dogon buɗi yana jinkirta rufe bawul na shiga, don haka a ƙaramin gudu wani ɓangare na iskar yakan koma baya, matsin da fistan ke yi wa iska da mai ya ragu, ƙarar ta lafa, tunda yawan matsi ke kawo ta. Gaskiya ne, haka masu motocin tsere suke haɗa babban matsi da babban kamshaf. Na je wa maigida da wannan dabara ina murna.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, ina motar za ta riƙa zuwa?"

Na ce, "Oga, gona da ƙauye, sai Zariya wani lokaci."

"Da buhu nawa a but?"

Nan na gane inda ya dosa. Kamshaf mai dogon buɗi yana kwashe ƙarfin injin ya kai shi can sama, inda sai ka matse totur kafin ka same shi. Kawu kuwa a ƙasa yake buƙatar ƙarfinsa, lokacin da motar ke fita daga yashi ɗauke da masara. Da na bi dabarata, da na rufe kuskure ɗaya da wani, kuma mai motar ne zai biya kuɗin mai da kuloci.

Ya sa na sake sauke tof. Ya aiki yaro kemis ya sayo sirinji, ya ɗauko guntun gilashi mai ƙaramar huda, ya shafa giris a bakin ramin ƙonewa, ya kifa gilashin, ya ce in riƙa ɗura kananzir ina ƙirgawa. Wannan awo na minti goma shi ne abin da na tsallake, kuma har yau ina jin nauyinsa. Lissafin ba shi da wuya. Raba 1971 gida huɗu, kowace silinda tana shaƙar kusan 493 cc. Idan ana son matsi na 8.35 zuwa 1, kamar yadda aka tsara wa irin wannan injin na farko, to sararin da zai rage a saman fistan ya zama wajen 67 cc, har da kaurin gaskit. A faɗin milimita 88, duk milimita ɗaya da aka share na iya cinye kusan 6 cc. Da muka haɗa abin da aka share da tudun fistan ɗina, 58 cc muka samu. Wato na kai matsin 9.5 ba tare da na sani ba, a kan man da muke saye a hanya, a zafin watan Afrilu.

Sai da na yi mako uku ina yawo a kasuwar tsofaffin kayan mota ta Panteka kafin na sami tof mai sauran nama a jikinsa. Na je da ma'auni a aljihu, na auna guda shida, na ɗauki ɗaya. Na mayar da fistan irin na asali, tare da silif da ringinsu a kwali ɗaya. Kamshaf ma na asali na sa, amma sabo, domin tudun tsohon biyu sun cinye, kuma maigida ya hana ni ɗora tsofaffin tafet a kansa, wato ƙarafan da ke tsakanin tudun kamshaf da sandunan bawul. Kowane tafet ya saba da tudun da ya daɗe yana gogawa, in ka haɗa tsoho da sabo sai su ci juna. Kafin mu ɗaure, mun liƙa ɗan cingam a kan fistan, muka juya injin da hannu sau biyu, muka buɗe muka ga tazarar da ke tsakaninsa da bawul.

Akwai wani abu ƙarami da ya cinye mana yini guda. Dole kowane silif ya ɗara fuskar bulok da ɗan kaɗan, kimanin kaurin gashin kai, don gaskit ya danne shi sosai. In ya nutse, ruwa ya sami hanya zuwa baƙin mai. Da siraran takardu na ƙasan silif ake daidaita wannan, ka sa, ka auna, ka cire, ka canja. Na uku ya ba mu wahala, sau huɗu ina zare shi. A haɗin farko ko kallon wurin ban yi ba, Allah ne ya rufa asiri.

Kuɗin fistan na farko da sharar tof daga aljihuna suka fita. Kawu ya so ya biya, na ce, "Kawu, ka bari, hannuna ne ya yi."

Ranar da muka sake gwadawa, shi ya riƙe sitiyari. Buhu huɗu a but, mu biyar a ciki, tudun nan dai na hanyar Zariya. Ya bar ta a giya ta huɗu da gangan, ya taka a hankali. Na sauke gilashi na kasa kunne wajen bonet. Iska kawai nake ji da gurnanin salansa, allurar zafi tana tsaye a tsakiya. Da muka kai saman tudun, Kawu ya waiwayo ya tambaye ni ko zan raka shi Kaciya ranar Asabar ɗauko citta.