Aikin shasin a-kori-kura: inda aka kwana da tsatsa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon wannan aiki. Ga halin da motar da ke kan rami take ciki yanzu: an wanke ƙarƙashinta, an gwada ƙarfen, mai walda ya gama nasa, an kankare, an shafa maganin tsatsa, faraima (fentin farko da ake shafa wa ƙarfe) ta hau. Saura fentin sama da man da za a fesa a cikin shasi. Zan kawo matakan yadda suka biyo juna, domin wanda ya sa na baya a gaba, kuɗin fentinsa ya tafi a banza.

Motar 'yar Kwatano ce, daga arewacin Amurka aka kawo ta, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata a tambaya kafin a ɗauki kowane buroshi. A jihohi irin su Mishigan da Ohayo, da kuma Kanada, gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Ruwan gishirin nan yana shiga shasi ta ramukan da ke jikinsa ya kwanta a ciki. Gishiri kuwa yana jan danshi, saboda haka ko motar ta iso Kano ko Maraɗi, abin da ke cikinta bai mutu ba, damina yake jira. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da wani sulhu a Amurka da aka ƙiyasta a dala biliyan 3.4, kan tsatsar shasin motoci kusan miliyan 1.5: Tacoma ta 2005 zuwa 2010, Tundra ta 2007 da 2008, da Sequoia ta 2005 zuwa 2008. Mai niyyar sayen irin waɗannan ya fara shiga ƙarƙashi da tocila kafin ƙyallin bodi ya ɗauke masa hankali.

Mu ma nan muna da namu. Lakar damina ce ke cusa kanta a cikin shasi ta riƙe ruwa makonni bayan titi ya bushe. Sai takin zamani, kanwa, gishiri da fitsarin dabbobi, waɗanda ke tsiyaya daga bodin baya su sauka daidai kan ƙarfen.

Wanki

An sauke safaya taya, an cire farantin da ke kare injin daga ƙasa da robar da aka shimfiɗa a bodin baya. Wankin waje ba shi da wahala. Na ciki ne aikin. Shasin irin wannan mota kamar dogon akwati yake, rufe ta kowane gefe, kuma daga ciki tsatsa take fara ci. An ɗaga gaban motar kaɗan, an zura tiyo ta ramin gaba, an bar ruwa yana gudu zuwa baya. Da farko jan taɓo ne ke fita, sai ɓarɓashin tsatsa kamar ɓawon gyaɗa, wani har da tsakuwa. Ba a kashe famfo sai ruwan ya fito fari tas. Ramukan ƙasa da ruwa ke fita ta cikinsu yawanci a toshe suke, a soke su da waya. Bayan haka a hura iskar kwamfuresa ta kowane rami, a bar motar a rana kwana biyu ko uku. Idan an zura yatsa an ji sanyin danshi, ba a gama ba.

Mota mai nauyin tan biyu ba a shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai. In babu rami, a sa ƙafafun ƙarfe huɗu a kan daɓen siminti, a kuma sa wa tayoyi waigi.

Gwajin ƙarfe

Ido ba ya isa. A ɗauki ƙaramar guduma a bi shasin taki bayan taki ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji dum, wani lokacin a ji ɓarɓashi na zuba a ciki. Inda aka yi shakka, a danna sukundireba da ƙarfi. A fi mai da hankali kan maƙalar sifirin na baya, ƙarfen da ya gitta saman safaya taya, gefen da tanki ya ɓoye, ɗamarar tankin kanta, da daidai inda gidan direba ya ƙare bodin baya ya fara. A duba bututun birki ma, musamman ƙarƙashin maƙalansu. Bututun da ya yi ƙuraje canza shi ake yi, ba a fente shi.

Kaurin bangon shasi bai wuce milimita 3 ko kusa da haka ba, don haka abin da za a rasa ba shi da yawa. A wannan motar sukundireba ta huda kusa da maƙalar sifirin na dama. An yanke wurin har sai da aka kai ga ƙarfe mai cikakken kauri, aka sa faranti mai kauri ɗaya da na asali. An zagaye kusurwoyin facin, domin walda miƙaƙƙiya daga sama zuwa ƙasan shasi ita ce ke tsagewa idan mota ta ɗauki kaya a hanya mai gargada. Kafin a kunna walda an cire kan batir, an sauke tanki. Kuma walda tana zuwa ne kafin a fesa mai a cikin shasi, in ba haka ba man da ke ciki zai kama wuta.

Kankara da maganin tsatsa

A fara wanke maiƙo da giris, domin giranda tana tura maiƙo cikin ƙarfe, daga baya fenti ya ƙi kamawa. Sai a karkaɓe ɓawon da guduma, a bi da buroshin waya. A nan ne masu koyo da yawa suke ruɗuwa: buroshin waya yana goge tsatsa mai tauri har ta yi baƙi tana sheƙi, sai a ɗauka an kai ga ƙarfe. A bi wurin da faifan sanfefa mai lamba 40 ko 60. In jar ƙura ta tashi, tsatsa ce. A sa tabarau da takunkumi, wayoyin buroshi suna fizgewa su shiga ido.

Tsatsar da ta rage a cikin ƙananan ramuka sai da magani. Wanda aka yi amfani da shi mai sinadarin fosforik ne, yana mai da jar tsatsa baƙa ko ruwan toka. A shafa, a riƙa ƙarawa kada ya bushe har minti 20 zuwa 30, sannan a wanke a busar nan take. Idan aka bar shi ya bushe a jiki, wani farin gari yake fitowa, kuma faraima ba ta kama wannan garin, ɓarewa take yi kamar leda. Akwai wani nau'in da ba a wankewa, barinsa ake yi ya kwana. A karanta gwangwani a san wanne ne a hannu. Kowanne daga ciki, siririyar tsatsa kawai yake iya ci, ba ya ratsa ɓawo mai kauri.

Faraima da lokacin yin ta

An sa faraimar ifoksi mai haɗi biyu, shafi biyu. Jar faraimar da masu ƙofofin ƙarfe ke amfani da ita ta fi arha, amma ruwa yana ratsa ta, ba ta jure dukan tsakuwa. A auna haɗin daidai yadda aka rubuta, wani 4 da 1 ne, wani 1 da 1, kuma a dama iya abin da za a ƙarar cikin sa'a biyu, saura daskarewa zai yi a kofi. Fentin sama ya hau cikin kwanakin da gwangwanin ya faɗa. In sun wuce, sai an sake goga sanfefa.

Hunturu ne lokacin wannan aiki, iska a bushe take ƙwarai. Matsalarsa ƙura. A yayyafa ruwa a ƙasan gareji, a rataya tamfol ta inda iska ke kaɗowa, a kuma jira hantsi, don ƙarfen asuba yana da sanyi.

Abin da ba za a sa ba

Kwaltar da ake fesa wa ƙarƙashin mota tana da kyau a ido, baƙa wuluk, mai saye ya gani ya ji daɗi. Amma fesa ta a kan tsatsa daidai yake da ɗaure gyambo ba a wanke ba. Tana bushewa ta tsattsage, ruwa ya shiga bayanta ya rasa hanyar fita, ƙarfe ya ci gaba da ruɓewa ba mai gani. Motar da aka kawo da sabuwar kwalta a ƙarƙashi, a ɓare wani wuri a leƙa kafin a biya kuɗi.

Baƙin man da wasu masu wankin mota ke fesawa shi ma a bar shi. Yana kumbura robobin ƙafa, yana wankewa da ruwan farko, yana ɗiga a ƙasa, kuma yana da illa ga fata.

Abin da ya rage

Cikin shasi buroshi ba ya kaiwa, fenti ba ya kama tsatsar da ba a kankare ba. Abin da ke aiki a wurin shi ne mai da ba ya bushewa, wanda ke ratsa tsatsa ya raba ta da iska da ruwa: ko kakin da aka yi don cikin bodi, ko man gashin tumaki irin Fluid Film da Woolwax. Lita 3 zuwa 4 ta ishi mota ɗaya. Ana fesa shi da bindigar kwamfuresa a matsin iska na 5 zuwa 6 a ma'aunin "bar", da dogon tiyo mai kan da ke watsawa ta ko'ina. A zura tiyon har ƙarshe, a danna, a riƙa jawo shi a hankali, sai an ga man yana tsattsafowa ta ramuka da haɗin walda. A rufe faifan birki da leda, a kauce wa salansa da bel. Sai fentin waje ya bushe sarai za a yi wannan, don ko ɗigon mai ya taɓa faraima fenti ba zai zauna ba.

A ƙasarmu mai ƙura, gara a taƙaita man a ciki da kan notuna da tsakanin ganyen sifirin, waje a bar wa fenti. Za a sake fesawa kowace shekara kafin ruwan farko, sannan a tabbata ramukan fitar ruwa ba su toshe da man ba.