Ɗauke wuta ya so ya sa in yi wa Leela rashin adalci

Har yanzu abin yana yi mini ciwo. Na haɗa Stockfish da Leela Chess Zero, injuna biyu (wato manhajoji) masu buga wasan dara na chess, a kwamfutata ta hannu, na bar manhajar Cutechess tana buga musu wasa dare da rana. Abubuwan da kowa ya sani duk na kiyaye: na hana kowanne tunani a lokacin abokin karawarsa, kuma kowane farkon wasa sai an buga shi sau biyu, wannan ya riƙe farare, sannan a juya ya riƙe baƙaƙe. Sakamako ya fito, Leela ta sha kashi fiye da yadda hankali zai ɗauka.

Da na zauna ina bin wasannin ɗaya bayan ɗaya, sai na ga rashin nasarar tata a dunƙule take, ba a warwatse ba. Ta yi sa'o'i tana canjaras lafiya lau, sai kawai ta rushe, can kuma ta dawo hayyacinta. Na duba adadin matsayin da take bincikawa a kowace daƙiƙa, na ga yana faɗuwa warwas a daidai waɗannan lokutan. Ashe lokutan da aka ɗauke wuta ne! Kwamfutar tana komawa kan batir, ta rage wa GPU (sashen sarrafa hoto, mai yin lissafi da yawa a lokaci guda) ƙarfi sosai, Leela kuwa a kan GPU take rayuwa. Stockfish da ke aiki a kan CPU (babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta) shi ma ya ragu, amma bai kai nata ba. Agogo bai san da wannan ba, lokaci ɗaya yake ba su, alhali an ɗaure wa ɗaya ƙafa.

Abin da ya fi ba ni haushi, babu wani gargaɗi. Wasanni suna tafiya, maki yana taruwa, komai tsaf a ido. Da na yaɗa wannan sakamakon, da mutane sun yarda.

Shi ya sa yanzu na fahimci ƙorafin da aka yi a 2017, lokacin da wani injin chess mai suna AlphaZero ya kara da Stockfish 8 wasa 100, ya ci 28, sauran 72 canjaras. Masu suka sun ce an ƙayyade minti ɗaya ga kowane motsi, kuma an ba Stockfish ma'ajiyar bincike ta gigabait 1 kacal. A da ina ganin kame-kame ne. Yanzu na san sharaɗin wasa yana iya cinye ƙarfin inji.

Wasa 100 ma ba ya yanke hukunci tsakanin injuna masu kusan ƙarfi ɗaya, don kuskuren lissafin yana iya kai maki 50 sama ko ƙasa a Elo, ma'aunin ƙarfin 'yan wasa. Masu gina Stockfish a dandalinsu na Fishtest sukan buga dubban wasanni kafin su karɓi ƙaramin gyara ɗaya.

Amma yawan wasa ba ya wanke gurɓataccen gwaji, sai dai ya ƙara maka tabbaci a kan ƙarya. Don haka kafin in kalli maki, saurin binciken kowane inji nake fara dubawa, daga wasan farko har na ƙarshe. Zafi ma yana rage gudun kwamfuta, musamman a watan Afrilu, kuma kada ka buga wasanni a lokaci guda fiye da abin da na'urarka za ta ɗauka. Na saita Cutechess ya riƙa rubuta saurin a cikin kundin wasannin, na sa kwamfutar a kan inbata, na share tsohon sakamakon gaba ɗaya, na sake daga farko.